Daddawa Ma Na Da Wari

A cikin dokar Nijeriya ta mallakar ƙirƙira, wadda aka kafa a shekarar 1970 kuma har yau da ita ake aiki, akwai wata magana da ya kamata kowane maƙeri da mai magani da malamin jami'a ya sani. Sashe na biyu na dokar ya ɗora haƙƙin mallakar sabuwar ƙirƙira a hannun wanda ya riga kowa kai takardar nema ofishin rajista, ko shi ya ƙirƙiro abin ko ba shi ba. Ke nan mutum zai iya shafe shekara goma yana gwaji a bayan gidansa, yana ƙona gawayi da kuɗin cefane, wani kuma ya zo ya leƙa, ya fahimta, ya rubuta, ya riga shi isa Abuja, hukuma ta kira wannan na biyun mai abu. Gaskiya ne dokar ta ce idan an ɗauki ƙirƙirar mutum ba da yardarsa ba, haƙƙin yana komawa gare shi. Sai dai kafin haka ta faru dole ya je Babbar Kotun Tarayya ya kafa hujja, kuma kotu ba ta karɓar "wallahi ni na fara" a matsayin shaida. Rubutu take nema, mai ɗauke da kwanan wata.

Mun saba, duk lokacin da aka tayar da zancen fasaharmu da ta salwanta, mu nuna Turawa da yatsa mu ce sun yi mana sata. Ba na musun satar, kuma zan kawo misalanta da sunayensu. Abin da nake cewa shi ne, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Hannuwa huɗu ne suke taya ɓarawon nan ɗaukar kaya: dattijon da ya ɓoye iliminsa har kabari, da saurayin da ya tallata nasa tun bai yi masa rajista ba, da ɗan bokon da ya mayar da takardar mallaka adon bango, da kuma hukumar da ta bar doka ta tsufa a hannunta. Da su huɗun nake rigima a wannan maƙala.

Kafin a shiga rigimar, ya kamata a san mece ce takardar da ake magana a kanta, domin da yawa daga masu yabonta da masu zaginta ba su taɓa tsayawa sun fahimce ta ba. Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai fasaha da al'umma. Shi zai fito da sirrinsa fili, ya rubuta shi dalla-dalla, da zane in da buƙata, ta yadda duk wani gwani a wannan fanni zai karanta ya iya yin abin. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ko shigo da shi ƙasar ba da izininsa ba, har shekara ashirin daga ranar da ya miƙa takardar nema, muddin yana biyan kuɗin shekara-shekara. Bayan shekara ashirin, abin ya zama na kowa. Sharuɗɗanta uku ne: abin ya zama sabo, ya zama ba abin da kowane mai sana'ar zai hango ba ne cikin sauƙi, ya kuma zama ana iya sarrafa shi a masana'anta ko a gona. Tunani zalla ba shi da takarda. Sai an nuna yadda ake aiwatar da shi. Wannan ciniki ba sabo ba ne. Birnin Banis na ƙasar Italiya ya kafa dokarsa tun 1474, yana ba mai ƙirƙira kariyar shekara goma, a zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano.

Na fara da dattijo, domin shi ya fi ba ni tausayi, shi ya fi kuma jawo mana asara. Akwai wata tsohuwar aƙida a cikin sana'o'inmu na gado, cewa ƙarfin sana'a yana cikin asirinta. Maɗori ba ya faɗin abin da yake shafawa a karaya. Majemi ba ya bayyana gwargwadon bagaruwar da yake jiƙawa. Mai maganin shawara yana haɗa saiwoyinsa da dare, ya daka su har su ɓace wa ido, kada ko ɗan cikinsa ya gane kafin lokaci. Lokacin kuwa sau da yawa ba ya zuwa: ɗan ya tafi boko ko ci-rani, uban ya rasu, a binne shi da abin da kakanni bakwai suka tara. Kowane gari a ƙasar Hausa yana da labarin wani gwani da ake cewa "tun da ya rasu ba a sake samun irinsa ba", kuma da alfahari muke faɗin haka, alhali abin kunya ne.

Masu kare ɓoyo za su ce ai manyan kamfanonin duniya ma suna ɓoye sirrinsu, ga Coca-Cola nan fiye da shekara ɗari ba ta bayyana haɗinta ba. Haka ne. Amma sirrin Coca-Cola a rubuce yake, a kulle, da lauyoyi da yarjejeniyoyi suna gadinsa, mutuwar mutum ɗaya ba ta tafiya da shi. Sa'an nan ɓoyo yana amfani ne ga abin da ba a iya warware shi a gane cikinsa. Injin sussukar masara da wani haziƙi ya ƙera a Fanteka ta Kaduna, rana ɗaya ta ishi mai walda ya kwance shi ya auna ya kwaikwaya. Garin magani kuwa, ɗakin gwaje-gwaje na zamani yana iya tantance abin da ke cikinsa ko da mai shi ya rantse ba zai faɗa ba. Ɓoyo yana hana ɗanka da maƙwabcinka sani, amma ba ya hana baƙon da ya zo da na'ura. Doka kuma ba ta hukunta wanda ya gano sirrinka da ƙoƙarin kansa. Tana iya ma ba shi takarda a kai.

Wanda yake shakkar ƙarfin rubutu ya dubi abin da ya faru da Indiya. A 1995 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wasu masu bincike biyu na wata cibiyar likitanci ta Jami'ar Misisifi takardar mallakar amfani da kurkum, wato gangamau, wajen warkar da rauni, abin da kowace kaka a Indiya ta sani tun kaka da kakanni. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta ƙalubalanci takardar, aka soke ta a 1997. Ihun mutane miliyan ɗari bai soke ta ba. Abin da ya soke ta shi ne tsofaffin rubuce-rubuce, har da na harshen Sanskirit, da wata maƙala da aka buga a mujallar likitocin Indiya a 1953. Haka kuma a 1994 ofishin rajista na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka takarda a kan maganin cututtukan shuka da ake yi da man darbejiya, itaciyar da ke ƙofar kusan kowane gida a Sakkwato da Maraɗi. Sai da aka shafe shekara goma ana shari'a, aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Indiyawa suka ga ba za su iya bin kowace takarda kotu-kotu ba, sai suka kafa rumbun ilimin gargajiya a kwamfuta tun daga 2001, suka fassara tsofaffin littattafan magani daga Sanskirit da Larabci da Farisanci da Urdu da Tamil zuwa harsuna biyar na duniya, suka ba ofisoshin rajista damar dubawa. Yanzu kafin a ba wani takarda, mai tantancewa yana iya ganin cewa abin ba sabo ba ne.

Mu ma ba mu rasa rubutu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Akwai kundaye na Larabci da Ajami a Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam a Yamai, ban da waɗanda gara ke ci a cikin gafakar malamai. Amma mai tantance takardu a Munik ko Washintan ba ya karanta Ajami, kuma babu wanda ya kai masa fassara. Abin takaici, littafin da har yau masana ke komawa gare shi don sanin sunayen itatuwanmu da Hausa wani likitan mulkin mallaka ne, Dalziel, ya wallafa shi a 1916. Baƙo ya zo ya tambayi kakanninmu ya rubuta, mu jikokinsu muna ganin rubutawar tonon asiri ce.

Kada kuma a ɗauka hatsarin yana can nesa. A shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi ƙungiyar OAPI, mai rajistar haƙƙin fasaha ga ƙasashen Afirka goma sha bakwai, ta ba shi takardar mallakar iri a kan albasar da ya kira da sunan Galmi, albasar da manoman Galmi da kewaye a jihar Tawa suka daɗe suna zaɓen irinta da hannunsu. Da an yi shiru, da sunan garinsu ya zama kayan wani. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya janye daga sunan. Daga baya Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Kakanninmu ba su sami wannan dama ba: jar fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano ta ratsa Sahara ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, kuma da wannan suna duniya ta san ta.

Saurayin zamani ya gudu daga kuskuren kakansa, sai ya faɗa kishiyarsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da zarar ya haɗa wani abu, murhu mai cin gawayi kaɗan ko na'urar ban-ruwa mai aiki da hasken rana, sai ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook ko TikTok, ya kwance abin gaban kyamara yana bayani, yana roƙon gwamna ya taimaka masa. Dubban mutane su yaba, a kira shi gidan rediyo, a ba shi kyauta a taron baje koli. Bai sani ba, a wannan rana ya yanka haƙƙinsa da hannunsa. A dokarmu, duk abin da aka bayyana wa jama'a kafin ranar nema, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, a ko'ina a duniya, ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya bayyana. Sassauci ɗaya ne dokar ta yi, ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, in ya nemi takarda cikin wata shida. Tsarin a bayyane yake: a rubuta, a miƙa, sa'an nan a nuna. Aleksanda Giraham Bel da Elisha Gire rana ɗaya takardunsu kan wayar tarho suka isa ofishin rajista a Washintan, 14 ga Fabrairu 1876. Sunan ɗaya kowane ɗalibi ya sani, ɗayan sai masu tarihi.

A nan ne wasu za su tare ni da hujjar da ta fi kowace nauyi. Za su ce ilimi na Allah ne, ɓoye shi zunubi ne, mallake shi kuwa ɗabi'ar jari-hujja ce da aka shigo mana da ita. Wa ya isa ya ce shi ke da magani alhali mutane na mutuwa? Ina girmama wannan hujja, domin na san yadda takardun mallaka suka sa magungunan cutar ƙanjamau suka fi ƙarfin talakan Afirka a shekarun 1990. Amma masu wannan magana su lura da abu biyu. Na farko, takardar mallaka ita ce maganin ɓoyon ilimi, tun da ba a ba da ita sai an bayyana komai, kuma bayanin yana zama a buɗe ga duk mai son karantawa. Mai ɓoye ilimi shi ne wanda ya daka saiwa da dare. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da haƙƙin ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, keta su bai halatta ba. Na biyu, mai abu shi ke iya kyauta. A 1959 injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro bel ɗin mota mai maɗauri uku, kamfanin ya yi masa rajista, sa'an nan ya bar kowane mai ƙera mota ya yi amfani da shi. Da wani mai kwaɗayi ne ya riga su, da sai an biya shi. Wanda kuma ba ya son takarda sam, yana da hanyar sadaka: ya wallafa fasaharsa a fili da sunansa. Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke ajiye yalo kwana 27 maimakon uku, ya sami kyautar Rolex a 2000, jaridun duniya suka bayyana yadda take aiki. Tun daga nan babu mai iya kulle ta a ko'ina. Ko rajista ko wallafawa, duka biyun rubutu ne. Shiru ne kawai ba ya kare kowa.

Ɗan boko kuwa nasa ciwon daban ne. Ya san takardar, har ya samu, hukumar NOTAP ma tana taimaka wa masu bincike su yi rajista. Amma me yake yi da ita? Ya sa ta a gilashi ya rataye a ofis, ya lissafa ta cikin takardun neman ƙarin girma, shi ke nan. Ya manta takarda katanga ce, kuma katangar da ta kewaye fili babu shuka ba ta ciyar da kowa. Labarin Niprisan ya ishe mu darasi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta yi abin da nake kira a yi: ta ƙulla yarjejeniya da wani mai maganin gargajiya daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, ya bayyana haɗinsa na amosanin jini, wato sikila. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a kasuwar Kurmi: masoro, da kanumfari, da ganyen jar dawa, da wani icce da Yarabawa ke kira osun. Aka yi gwaji, aka sami takardar mallaka a Amurka a 1998, da sunan mai maganin cikin masu ƙirƙira. A 2002 aka ba wani kamfani mai tushe a Amurka, Xechem, izinin sarrafa shi shi kaɗai, aka ƙaddamar da maganin a 2006 da sunan Nicosan. A 2008 uwar kamfanin ta karye, a 2009 aka janye izinin, magani ya yi wuyar samu a ƙasar da ake haifan kimanin jarirai 150,000 masu wannan cuta kowace shekara. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da wani kamfani na cikin gida. Shekarun kariya suna ta ƙonewa, yara suna ta kwana da ciwon ƙashi. Takardar ta yi aikinta. Abin da ya kasa shi ne jari, da masana'anta, da hikimar kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Saura hukuma. Dokar 1970 ta umarci magatakardan rajista ya duba ko an cika fom daidai an biya kuɗi, ta kuma hana shi binciken ko abin sabo ne. Ita da kanta ta ce ana ba da takardar ne bisa kasadar mai nema, ba tare da lamunin ingancinta ba. Sakamakon haka biyu ne, dukansu munana. Mai gaskiya yana riƙe da takardar da mai zuba jari ba zai amince da ita ba, domin babu gwanin da ya tantance ta. Maras gaskiya kuma yana iya yi wa tsohon abu rajista ya riƙa razana masu sana'a da ita, har sai an sami mai kuɗin zuwa kotu ya rushe ta. An sabunta dokar haƙƙin mawallafa a 2022, an yi dokar kare sababbin iri a 2021, amma ta ƙirƙira, in ban da ɗan kwaskwarima, tana nan yadda gwamnatin soja ta bar ta. Ba ta tanadi ƙaramar takarda ta masu gyara da inganta kayan aiki ba, irin wadda Jamus ta fara a 1891, Japan ta ɗauka a 1905, wadda ita ce ta dace da maƙeran Fanteka. Ɗan Maraɗi yana miƙa takarda ɗaya ta OAPI ta kare shi a ƙasashe goma sha bakwai, har da Kamaru da Cadi. Ɗan'uwansa na Katsina kuwa kariyarsa tana ƙarewa a Jibiya, domin Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, ba ta kuma zama cikakkiyar mamba a takwararta ARIPO ba. Fom ɗin da Turanci yake, ofishin yana Abuja, maƙerin yana Gumel.

Abin da nake nema ba ya buƙatar mu'ujiza. Majalisa ta sake dokar, ta sa a riƙa tantance sabunta, ta ƙara ƙaramar takarda mai arha ga masu sana'ar hannu. A Mayun 2024 ƙasashen duniya sun amince a Janeba da yarjejeniyar da ke wajabta wa mai neman takarda ya faɗi ƙasar da ya samo tsiro da al'ummar da ya samo ilimin gargajiyar da ya dogara da su. A shigar da wannan cikin dokarmu. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai su haɗa sassan Hausa da Larabci da na harhaɗa magunguna, su yi mana irin rumbun Indiya: abin da kowa ya sani a wallafa shi don kada wani ya mallake, abin da ke hannun gida ɗaya a rubuta shi a kulle da sunan gidan, bisa yarjejeniyar da ta fayyace rabonsu. Sarkin Maƙera da Sarkin Wanzamai da shugabannin masu maganin gargajiya, waɗanda mutanensu ke jin maganarsu fiye da ta kowane jami'i, su zama ƙofar wannan aiki. A fassara fom da ƙa'idojin nema zuwa Hausa, da boko da Ajami, a karanta su a rediyo.

Mai fasaha kuma kada ya jira majalisa. Ya sayi littafi mai ɗinki, ya rubuta abin da ya gwada da ranar da ya gwada shi, da abin da ya yi da wanda bai yi ba, ya zana, ya sa amintattu biyu su sa hannu bisa alkawarin riƙe amana. Kada ya nuna wa kyamara sai ya karɓi shaidar miƙa takarda. Idan ya miƙa a gida, yana da wata goma sha biyu ya nemi kariya a wasu ƙasashe da wannan kwanan wata na farko. Idan kuma dattijo ne da ba ya rubutu, ya kira jikansa da ke makaranta ya zaunar da shi yau. Littafin da zai ɗauki abin da ke kansa bai kai kuɗin mudun gero ba, kuma gara ta fi jin tausayin takarda a kan yadda kabari ke jin tausayin ilimi.